Hukunci Da Ladubban Cin Abinci A Gidajen Abinci Na Birni

Dukkan yabo da godiya na Allah ne, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya saukar da ruwa, ya fitar da abinci daga cikinta domin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata al'ada da ta zama ruwan dare a Kano da Kaduna da Abuja da sauran manyan birane, watau haɗuwar abokai a gidajen abinci, ko dai da walaha a ranakun hutu, ko kuwa da dare bayan an tashi daga aiki. Na walahar nan, wanda ake haɗe karin kumallo da abincin rana a zama guda, ya samo asali ne daga Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, inda masu hali kan yi barci ranar Lahadi har rana ta ɗaga, sa'an nan su fito su ci. Yau kuwa ma'aikata da 'yan kasuwa da samari Musulmi sun karɓe shi, har wasu na ganin zumunci bai cika ba sai an zauna a irin waɗannan wurare. Saboda haka ya kamata a san matsayin shari'a game da wannan zama, domin Musulmi ba ya shiga wani al'amari sai ya san hukuncin Allah a cikinsa.

Amsar a taƙaice ita ce, cin abinci a gidan abinci halal ne, kuma yana iya zama abin lada idan an nufi sada zumunci da shi. Amma akwai abubuwa huɗu da za a duba kafin a zauna: abin da ke cikin faranti, da abin da ke kewaye da tebur, da kuɗin da za a biya, da lokacin da zaman zai ci. Na ukun shi ne mutane suka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi jawo hawaye a gidajen aure.

Asalin Hukunci

Sayen dafaffen abinci a birni tsohon abu ne. A cikin Suratul Kahfi, aya ta 19, Allah Maɗaukakin Sarki ya ba da labarin samarin nan da suka farka daga barcinsu na shekara 309, suka aiki ɗayansu cikin gari da kuɗin azurfa, suka yi masa wasiyya ya duba abincin da ya fi tsarki ya sayo musu, ya kuma bi a hankali. Malaman tafsiri da yawa sun ce abin da suke nufi da tsarki shi ne halaccin yanka, saboda sun baro garin ne mutanensa na yanka don gumaka. A wannan aya akwai halaccin sayen abinci a kasuwa, akwai kuma darasin cewa yunwa ba ta hana mumini tambayar abin da zai sa a cikinsa. Haka kuma aya ta 61 ta Suratun Nur ta ɗauke laifi daga cin abinci a tare ko a rarrabe, ta kuma ambaci gidan aboki a cikin gidajen da mutum zai ci a cikinsu.

Akwai wani abu da kan sa dattawa ƙyamar wannan al'ada. Malaman fiƙihu sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke zubar da mutunci ga wanda ba ɗan kasuwa ba, har sun ce yana iya taɓa karɓar shaidarsa a gaban alƙali. A ƙasar Hausa ma an san malami ko basarake ko magidanci mai kamala ba ya tsugunawa gaban 'yar tuwo-tuwo ko tukubar mai tsire, sai dai ya aika a sayo masa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, daidai da 1111, ya warware wannan a cikin Ihya'u Ulumiddini, a littafin ladubban ci. Ya kawo maganar masu ƙin cin abinci a kasuwa, ya kawo ruwayar Abdullahi ɗan Umar cewa a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sahabbai kan ci abinci suna tafiya, sa'an nan ya bayyana cewa abin yana bin al'adar gari ne da halin mutum: ga wani tawali'u ne, ga wani kuwa zubar da girma. To, gidan abinci na yau wuri ne da aka keɓe domin ci, mai bango da ƙofa, kuma al'adar birni ba ta ɗaukar shigarsa abin kunya. Don haka babu zargi ga wanda ya shiga, babu kuma zargi ga dattijon da kunya ta hana shi.

Abin Da Ke Cikin Faranti

Mai ci a gidansa ya san wanda ya yanka, ya san wadda ta dafa. Mai ci a gidan abinci kuwa amana ya bayar ga mutanen da bai taɓa gani ba. Shari'a ba ta ɗora masa bin diddigin da zai kai ga wasuwasi ba. Buhari ya ruwaito daga Nana A'ishatu, Allah ya yarda da ita, cewa wasu mutane sun gaya wa Annabi ana kawo musu nama ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah a kansa, sai ya umarce su su ambaci sunan Allah su ci. Masu kawo naman nan sababbin shiga Musulunci ne. Daga nan malamai suka fahimci cewa a garin Musulmi, inda mahauta Musulmi ne, ana ɗaukar nama a kan halacci har sai an ga dalilin da ya saɓa.

Yankan Ma'abuta Littafi, watau Yahudu da Nasara, ya halatta da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, kuma Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya tabbatar da haka a Risala, ya kuma ce ba a cin yankan Majusi. Amma wannan sauƙi bai shafi naman alade ba, bai shafi mushe da jini da abin da aka yanka don wanin Allah ba, kamar yadda aya ta 3 ta surar ta jera su.

Inda hatsarin yake a yau shi ne manyan otal-otal da gidajen abincin baƙi, masu girkin Turai ko na Sin, domin a irin girkinsu akan zuba giya a miya ko a jiƙa nama da ita, akan kuma yi suya da kitsen alade ko a barbaɗa yankakken namansa a kan ƙwai da ganye. Abincin walaha irin na Turawa ya fi kowanne wannan matsala, saboda soyayyen naman alade na cikin ginshiƙansa, kuma sau da yawa a kasko ɗaya ake soya shi da ƙwai. Wasu kan ce ai wuta na ƙone giyar. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 1992, ya nuna abincin da aka dafa da giya na minti 15 yana riƙe da kimanin kashi 40 cikin 100 na barasar, kuma ko bayan awa biyu da rabi akan sami saura kamar kashi 5. A mazhabar Malikiyya ma ba a bukatar wannan lissafi, domin giya najasa ce, kuma najasa ko kaɗan ce idan ta faɗa cikin abinci mai ruwa-ruwa ta ɓata shi duka.

Maganin wannan shi ne tambaya. Musulmi ya tambayi mai kawo abinci da ladabi, da me aka yi wannan, a wane kasko aka soya shi. Idan amsar ba ta gamsar ba, ga kifi da sauran dabbobin ruwa, waɗanda ba sa bukatar yanka, ga shinkafa da wake da ganyaye da 'ya'yan itace, muddin ba a haɗa su da haram ba. Annabi ya umarci Abu Sa'alabatal Hushani, wanda ke zaune cikin Ma'abuta Littafi, da ya guji ƙorensu idan ya sami wasu, in bai samu ba ya wanke su ya ci a ciki.

Mai gidan abinci shi ma yana da nasa nauyin. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya cusa hannunsa cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi, ya nesanta ma'algushi daga kansa. Littattafan hisba na dā, irin su Nihayatur Rutba na Shaizari a ƙarni na 12, sun keɓe babi-babi kan masu gasa burodi da masu soya kifi da masu dafa abinci, inda aka ɗora wa muhtasibi duba tsabtar tukwanensu da ingancin namansu. Wanda ya ɗumama miyar shekaranjiya ya sayar a matsayin ta yau, ko ya ɓoye wa Musulmi cewa akwai giya a girkinsa, ya ci amana, kuma kuɗin da ya karɓa ba su tsarkaka ba.

Abin Da Ke Kewaye Da Tebur

Abinci na iya zama halal, wurin zaman ya haramta shi. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi ya hana wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira zama a kan abincin da ake zagaya giya a kansa. Saboda haka idan abokan aiki suka taru, wani daga cikinsu ya sa aka kawo kwalba, bai isa Musulmi ya ce shi lemo yake sha ba. Ya nemi a ɗauke, ko ya koma wani tebur, ko ya yi sallama cikin mutunci. Matafiyin da ya sauka a otal mai sayar da giya, bai sami wani wuri ba, yana iya cin abincinsa nesa da mashaya ko a ɗakinsa. Amma mazaunin gari, wanda ke da zaɓi, ba shi da uzurin maida irin wannan wuri majalisarsa, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Risala ta yi umarni da amsa gayyatar walimar aure, amma ta togace inda akwai wasa na fili ko abin ƙi bayyananne. Idan walima da ake umarni da ita ta faɗi saboda munkari, to gayyatar aboki zuwa gidan abinci ta fi cancantar faɗuwa. Daga cikin abin ƙi akwai keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba a lungun da aka rage wa haske, akwai raye-raye da shigar tsiraici, akwai kuma wanda ya fi yawa, ba a ko lura da shi, watau cin naman mutane. Sau nawa akan tsananta bincike kan yankan kazar da ke faranti, sa'an nan a shafe awa biyu ana yi da wanda ba ya nan, alhali aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta kamanta wannan da cin naman ɗan'uwa matacce.

Kuɗin Da Za A Biya

Ciyar da mutane na cikin manyan ayyukan alheri. Abdullahi ɗan Salam ya ba da labari cewa cikin farkon abin da ya ji daga bakin Annabi ranar da ya iso Madina akwai umarni da yaɗa sallama da ciyar da abinci. Amma shari'a ta jera masu haƙƙi a kan dukiyar mutum, kuma aboki ba shi ne na farko ba. Ciyar da mata da 'ya'ya da iyaye mabukata wajibi ne, ciyar da aboki kuwa mustahabbi ne, kuma ba a barin wajibi don mustahabbi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya kwatanta dinare huɗu, na ɗaukaka addini da na 'yanta bawa da na sadaka ga miskini da wanda aka kashe wa iyali, ya ce na iyalin ne ya fi lada. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa tozarta wanda mutum ke ciyarwa ya ishe shi zunubi.

A watan Yuli na 2024 aka sa hannu kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. Akwai gidajen abinci a Abuja da Legas inda zaman mutum huɗu na dare ɗaya kan lashe fiye da haka. Ga mawadacin da ya sauke nauyin gidansa, ya fitar da zakkarsa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, domin aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta auna ciyarwa da gwargwadon wadatar mutum. Abin tsoro shi ne magidancin da ya bar wa matarsa kuɗin cefanen da bai kai na miya ba, yaro na gida an koro shi saboda kuɗin makaranta, shi kuwa yana can yana rantsuwa babu mai biya sai shi. Irin wannan shi Hausawa ke kira inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Abokansa za su yabe shi da karamci, amma a wurin shari'a mai bashi ne, kuma a fiƙihun Malikiyya matar da mijinta ya daina ciyar da ita tana da ikon kai ƙara, alƙali ya tilasta shi ko ya raba auren.

Akwai darasi mai kyau a hadisin da Muslim ya ruwaito daga Anas. Annabi yana da wani maƙwabci mutumin Farisa, gwanin romo. Wata rana ya dafa, ya zo ya gayyace shi. Annabi ya tambaya ko har da A'ishatu, mutumin ya ce a'a, sai Annabi ya ƙi zuwa. Ya sake dawowa aka yi haka, sai a karo na uku ya ce har da ita, sa'an nan suka tashi suka tafi tare. Malamai sun ce bai so ya ji daɗin abinci ita tana gida da yunwa ba. Wanda ya saba ɗanɗana farfesu da gasasshen kifi a waje, ya tuna da na gida, ko ya tafi da su wuri mai kamala wani lokaci, ko ya sa a ƙunsa musu irin abin da ya ci.

Bayan haƙƙin iyali sai batun bashi. Cin rance domin a burge abokai wauta ce, gama kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci. Buhari ya ruwaito cewa an kawo gawar wani mutum da ake bi bashi, Annabi ya ƙi yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Haka nan wanda mai kanti ko tela ke binsa kuɗi, yana ce musu babu, alhali ana ganin motarsa a ƙofar gidan abinci kowane mako, ya shiga cikin masu jinkirin da Annabi ya kira zalunci.

Sai kuma gasa. Wannan ya kai abokai wuri mai tsada, wancan ya ga sai ya kai su wanda ya fi shi, har talakan cikinsu ya fara ɓuya don kada zagaye ya zo kansa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas hani ga cin abincin masu gasar fariya da juna. Hanya mafi sauƙi ita ce karo-karo, kuma tana da asali. Larabawa na kiranta nahdu, watau matafiya su haɗa guzuri ko kuɗi su ci tare, Buhari kuwa ya ƙulla mata babi, ya nuna Musulmi ba su ga laifinta ba ko da wani ya fi wani ci. Annabi ya yabi ƙabilar Ash'ariyyawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu su raba daidai. Sharaɗi shi ne a faɗi tun farko, kowa ya san abin da ya shiga, kada a jira takardar kuɗi ta iso a fara kallon-kallo.

Wanda aka gayyata kuma yana da nasa ladabin. Kada ya zaɓi mafi tsada don ba shi zai biya ba, kada kuma ya janyo wani ba da izini ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Shu'aibu, mutumin Madina, ya sa yaronsa mahauci ya dafa abincin mutum biyar, ya gayyaci Annabi. Wani ya biyo su, da suka isa ƙofa sai Annabi ya sanar da mai gida cewa ga wanda ya biyo su, in ya so ya yi masa izini, in ya so ya koma. A gidan abinci, inda kowane baki ke da farashinsa, kiyaye wannan ya fi zama dole.

Ma'aikacin hukuma kuwa ya yi hattara da gayyatar wanda ke da takarda a teburinsa. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Annabi ya hau mumbari ya tambaya don me bai zauna a gidan iyayensa ya gani ko za a kawo masa kyautar ba. Abincin dare da ɗan kwangila ya saya wa mai sa hannu yana ƙarƙashin wannan hukunci, ko da an kira shi zumunci.

Almubazzaranci Da Rabon Talaka

Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka, aya ta 27 ta Suratul Isra'i kuwa ta danganta almubazzarai da shaiɗanu. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kashi 28 cikin 100 na wannan ya fito ne daga gidajen abinci da makamantansu. Ido ke fin ciki yunwa, sai a cika tebur, a taɓa nan a taɓa can, a tashi a bar shi. Alhali ya tabbata a Muwaɗɗa da Buhari cewa abincin mutum biyu na isar uku, na uku na isar huɗu, Tirmizi kuma ya ruwaito shiriyar Annabi ta kasa ciki uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi.

Tsarin nan da ake biyan kuɗi ƙayyadadde, a jera tukwane kowa ya ɗiba da kansa, malamai da yawa na wannan zamani sun halatta shi, suna kwatanta shi da kuɗin shiga gidan wanka, wanda malaman dā suka yarda da shi ko da yake mutane sun bambanta wajen yawan ruwan da suke amfani da shi. Amma biyan kuɗin bai halatta tula abin da ba za a iya cinyewa ba, bai kuma halatta ɓoye wani abu a jaka ba in mai wurin bai yarda ba. Inda aka saya da faranti kuwa, ragowar mallakar mai saye ce, babu kunya ya sa a ƙunsa masa ya ba maigadi ko almajirin da ke bakin ƙofa.

A nan ya kamata a tuna da ciyayya irin ta dā. Magidanta kan fito da akusansu ƙofar gida bayan Magariba, mai tuwon shinkafa da mai tuwon dawa su sa hannu wuri guda, duk wanda ya gitta a ce masa bismilla, ragowa kuma ta almajirai ce. Gidan abinci ya gaji haɗuwar, amma farashi da maigadi sun tsare ƙofa. Annabi ya kira walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta mafi sharrin abinci. Don haka abokai su tuna da ɗan'uwansu wanda hannunsa ya yi ƙasa, su kira shi, su biya masa ta yadda ba zai ji kunya ba. Su kuma yi tunani kafin su ɗauki hoton abinci su baza a Facebook da WhatsApp, inda maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba zai gani.

Ladubban Zama

Ladubban ci ba sa sauyawa don an sauya wuri. Annabi ya koya wa Umar ɗan Abu Salama, yana yaro, ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci daga gabansa. Al'adar Turawa ce riƙe cokali mai yatsu da hagu, Musulmi kuwa sai ya yanka namansa tukuna, ya mai da cokalin dama. Ci a kan tebur da kujera ba laifi. Abin da Anas ya faɗa cewa Annabi bai taɓa ci a kan tebur ba, malamai sun ɗauke shi a kan gudun duniya da tawali'u. Ci da sha a ƙoren zinariya da azurfa haramun ne, har Huzaifa ya yi jifa da kofin azurfa da aka miƙo masa a Mada'in bayan ya sha hana mai shi.

Abu Huraira ya ce Annabi bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan bai hana mai saye mayar da abin da ya lalace ko wanda ba shi ya nema ba, domin haƙƙinsa ne, amma ya yi da murya ƙasa-ƙasa. Yi wa mai kawo abinci tsawa don a nuna isa a gaban abokai girman kai ne. Anas ya yi wa Annabi hidima shekara 10 bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba, kuma Annabi ya yi umarni a ba mai hidima loma ɗaya ko biyu saboda shi ya sha zafin girkin. Ɗan ihsanin da za a ba ma'aikaci bayan an biya yana cikin wannan babi.

Lokacin Salla

Zaman walaha na ranar hutu bai zama uzurin kwana har rana a bar Asuba ba, kuma idan ya faɗo ranar Juma'a to a sani ciniki na haramta daga kiran salla na biyu, bisa aya ta 9 ta Suratul Jumu'a, Malikiyya ma sun ce ana warware cinikin da aka ƙulla a lokacin. Zaman dare kuwa yakan ci Magariba, wadda lokacinta gajere ne. Hadisin da ya ce a fara da abinci idan an kawo shi an kuma ta da salla, rangwame ne ga mai jin yunwa don ya samu natsuwa, muddin lokaci na da saura. Bai shafi wanda ya ga rana na faɗuwa sa'an nan ya sa a ɗora masa girki ba. Mai hankali kan tambayi wurin salla tun shigarsa. Wanda ya ci ɗanyar albasa da tsire ya kawar da warin kafin ya shiga sahu, domin an hana mai warin albasa da tafarnuwa kusantar masallaci. In an ci an ƙoshi sai a watse, kamar yadda aya ta 53 ta Suratul Ahzabi ta ladabtar da baƙin gidan Annabi, gama iyali na jira, kuma Annabi ya ƙi hira bayan Isha'i in ba mai amfani ba.

Muslim ya ruwaito daga Anas cewa Allah yana yarda da bawan da ya ci abinci ya gode masa, ya sha abin sha ya gode masa. Wanda ya fito daga gida ya bar iyalinsa da abin da zai ishe su, ya ci halal da kuɗin halal a wuri mai kamala, ya tuna da talaka, ya yi sallarsa a kan lokaci, to zamansa da abokansa sada zumunci ne, ana kuma fatan ya same shi a ma'auninsa.

Allah ya azurta Musulmi da halal mai albarka, ya tsare su daga haram da shubuha, ya ciyar da mayunwatansu, ya biya wa masu bashinsu. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.